Mamu na gyara wa liman, me ya hana yaron shago gyara wa maigida?

Ina ɗan shekara 14 aka kai ni shagon kawuna a Tudun Wadan Zariya, in riƙa zuwa bayan an tashi makaranta, wai kada yawon ƙwallo ya lalata ni. Kawu tela ne na gasken gaske, irin wanda in ya ɗinka maka kaftani za ka sa shi har ya koɗe ɗinkin bai saki ba. Aikina shara, hura gawayin dutsen guga, sa maɓalli da zuwa aike. A goman ƙarshe na wani azumi, shago ya cika ya batse, ledojin shadda har bakin ƙofa, sai Kawu ya shimfiɗa wata farar shadda a kan tebur, ya buɗe littafin awo, ya ɗauki alli. Akwai alhazai biyu masu suna iri ɗaya da ke kawo mana ɗinki, ɗaya dogo daga cikin birni wajen Ƙofar Doka, ɗayan gajere mai jiki daga Sabon Gari. Ni na karɓi shaddar nan da hannuna, na san ta dogon ce. Shafin da Kawu ya buɗe kuwa na gajeren ne. Ina riƙe da bakin yadin ya ja alli, ina riƙe da shi ya sa almakashi. Ban ce uffan ba.

Aka haɗa riga, aka kai wa mai aikin wuya, ya yi nasa ya dawo da ita, aka goge. Ranar jajibiri mai kaya ya zo ya gwada, riga ta ɗage masa kamar ya ari ta ƙaninsa. Kawu ya biya shadda daga aljihunsa, Alhaji ya je idi da tsohuwar riga, bai kuma sake tako shagon ba. Da dare, bayan kowa ya watse, Kawu ya kira ni.

"Kai ka karɓi kayan nan?"

"Ni ne, Kawu."

"Da nake yankawa kana ina?"

"Ina riƙe da yadin."

"Ka gani ke nan?"

"Na gani, Kawu."

"To me ya hana ka magana?"

"Na ji nauyi ne."

Ya daɗe yana kallona. Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Amma kuma bai ce mini gobe in na gani in faɗa ba. Ina jin shi ma bai san yadda za a yi yaro ya tsayar da hannun babba ba, kuma a wayi gari a gaisa lafiya.

Shaddar nan ce take faɗo mini a rai duk lokacin da na ji ana maganar tsarin aikin Japanawa da ake kira kaizen, wato canji zuwa mafi kyau, gyara kaɗan-kaɗan kullum ba tsayawa. Yanzu abin ya zama yayi. Ana shirya bita a manyan otal, a zo da majigi, a raba ruwan roba da alawus, a koya wa mutane kalmomin Japananci guda biyar na shara da jera kaya, kowa ya karɓi takardar shaida ya koma ofis ya ci gaba da abin da ya saba. Ni a ganina an ɗauki ɓawon an bar ƙwayar. Abin da ya sa tsarin ya yi aiki a inda aka haife shi abu ɗaya ne: an ba wanda hannunsa ke kan aiki ikon ya ce a dakata, kuma ba a hukunta shi don ya faɗa. Mu nan, a shaguna da ofisoshi da gidajenmu, abin da muka rasa ke nan. Ba ƙwazo muka rasa ba. Wanda ya taɓa ganin tela a Zariya ya kwana uku a kan keke cikin azumi ba zai kira mu malalata ba.

Labarin ma daga masaƙa ya faro, abin da ya kamata ya taɓa zuciyar duk wanda ya tashi a ƙasar auduga irin Zazzau, ya kuma ga yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka yi shiru. Sakichi Toyoda ɗan kafinta ne, mahaifiyarsa tana saƙa. Ya ƙera injin saƙa da yake tsayawa da kansa da zarar zare ɗaya ya tsinke. Kafin nan inji ci gaba yake yi da zubo yadi mai aibi har sai wani ya ankara. Wanda ya kammala a 1924 ya yi sunan da har wani kamfanin Ingila ya sayi izinin ƙera irinsa a 1929. Ɗansa Kiichiro ne ya kafa kamfanin motoci na Toyota a 1937, kuma dabarar uban ta bi ɗan zuwa sabuwar sana'a. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin ba shi da kuɗi, ba shi da kasuwa mai faɗi irin ta Amurka, a 1950 har ya kusa durƙushewa, aka yi yajin aiki, aka sallami ma'aikata, Kiichiro da kansa ya sauka. Cikin wannan talaucin ne wani injiniya, Taiichi Ohno, wanda shi ma daga ɓangaren saƙa ya fito, ya gina tsarin da duniya take kwaikwayo yau. Ba wadata ce ta haife shi ba, babu ce. Wannan kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa abin na masu hali ne.

A masana'antar Toyota an ratayo igiya a saman layin haɗa motoci, daidai inda hannun kowane ma'aikaci zai kai. Ko jiya aka ɗauke ka, in ka ga noti bai ɗauru ba, ko ƙofa ba ta zauna daidai ba, ka ja igiyar. Fitila za ta kama, shugaban rukuninku ya taho da sauri, in an iya gyarawa nan take a gyara, in ba a iya ba layi ya tsaya. Dubi lissafin: tsayar da layin motoci asara ce mai yawa, amma sun gano cewa barin kuskure ya wuce ya fi tsada, domin kowane mataki na gaba ƙara binne shi yake yi. Haka shaddar Alhaji. Kafin almakashi, gyaranta juya shafi ɗaya ne. Bayan almakashi, yadi ya tafi. Bayan aikin wuya, kuɗin mai aiki ma ya bi shi. Ranar jajibiri kuwa har da mai kayan muka rasa.

Za a ce ai wannan al'adar wasu ce, mu tarbiyyarmu ba ta yarda yaro ya katse babba ba. To mu leƙa masallaci. In liman ya rafkana ya miƙe zuwa raka'a ta biyar a Azahar, ɗan makarantar allon da ke sahun ƙarshe zai ɗaga murya ya ce "Subhanallah", kuma ba wanda zai fito ya ce yaron nan ba shi da kunya. A Tarawihi da Tahajjudi har alaramma ake tsayarwa a bayan liman musamman don ya ɗora shi in ya yi tuntuɓe a karatu, sau da yawa alaramman bai kai ɗan liman a haife ba. Liman ya karɓi gyara, in da ƙabli ko ba'adi ya yi, a sallame, a yi musabaha, girmansa na nan bai ragu da ƙwayar zarra ba. Igiyar Toyota ke nan, sau biyar muke tsayawa a ƙarƙashinta kowace rana. Me ya sa take aiki a can? Domin kalmar sananniya ce, an riga an koya wa kowa cewa haƙƙinsa ne ya faɗe ta, kuma kowa ya san sallar ake ceto, ba liman ake tozartawa ba. Da mun sa takalmanmu a bakin ƙofa sai mu bar wannan hikimar a kan tabarma, mu koma shago inda yaro zai ga wuta ta kama gefen rigar maigida ya tsaya yana tunanin ta inda zai fara.

Mun haddace cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma abin da ya faɗa ƙarƙashin tebur fa? Wanda yake shara kullum shi ya san shi. Babba na hangen nesa, yaro na ganin kusa, kuma yawancin asarar da ake yi a wurin aiki a kusa take.

Nauyin gyara wannan ba a wuyan yaro yake ba. Kada a tara yara a yi musu lacca a kan su riƙa faɗin gaskiya. Yaro ba wawa ba ne, fuskar maigida yake karantawa. Ranar farko da ya kawo labari mara daɗi, abin da ya gani a fuskar nan shi zai yanke ko zai sake kawo wani har abada. In aka ce masa "kai har ka isa?", ko "ni za ka koya wa aiki?", shi ke nan an tsinke igiyar, kuma sauran yaran da ke gefe sun gani.

Akwai abin da ya faru a Amurka da yake ƙarfafa mini wannan ra'ayi. A da, kamfanin motoci na General Motors yana da masana'anta a garin Fremont na jihar Kalifoniya da ta yi ƙaurin suna: fashin zuwa aiki, shaye-shaye a bakin aiki, rigima da shugabanni ba dare ba rana, motoci cike da aibi. Aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka dawo da ma'aikata da yawa daga cikin waɗanda aka ce ba sa gyaruwa, aka kai wasunsu Japan suka ga yadda ake yi, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci motocin da suke fitarwa suka shiga sahun mafi inganci a duk kamfanin General Motors. Mutanen dai su ne, ginin shi ne. Abin da ya sauya shi ne abin da ke biyo baya in mutum ya ce ga matsala. Wani injiniya da ya yi aiki a wurin, John Krafcik, shi ne a 1988 ya laƙaba wa tsarin sunan Ingilishi da ake yawo da shi yanzu, "lean", mai nufin abu mara kitse, wato aikin da aka rage masa duk abin da ba ya ƙara wa mai saye komai. Duk lokacin da na ji wani shugaba a nan yana cewa ma'aikatansa ba su da kishi, mutanen Fremont nake tunawa.

Yanzu ɗan Kawu ne ke riƙe da shagon, Yayana ke nan, domin ya girme ni da shekara huɗu. Ni aikin koyarwa ya ɗauke ni, amma nakan biya da yamma mu sha shayi. Shekarun baya na dame shi da wannan magana har ya ce, "To malamin boko, zo ka gwada mu gani." Abu na farko da muka yi, mun zauna da yaran muka tsayar da kalma. Duk wanda ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ko a hannun wa yake, ya ce "a duba". Ba "ka yi kuskure" ba, ba "Maigida tsaya" ba. Hausa ta yi mana gata da wannan "a" ɗin da ba ta nuna kowa da yatsa: a duba awo, a duba kalar zare. Yaya ya yi alkawari gaban kowa cewa in aka faɗa zai ajiye almakashi ya duba, ko da ya tabbata shi ke da gaskiya. An yi sati biyu ba wanda ya furta. Ranar da ƙaramin cikinsu ya yi ƙarfin hali ya faɗa, sai aka duba aka ga ba kuskure, yaron ne bai fahimta ba. Nan ne aka yi jarrabawar gaske, domin sauran har sun fara dariya. Yaya ya ce, "Madalla, gara da ka faɗa," ya nuna masa dalilin da ya sa ake barin ƙarin inci a wurin. Daga ranar kalmar ta zauna.

Na biyu ya fi wuya. Ohno ya lissafa ɓarna iri bakwai a wurin aiki, cikinsu har da jira, da kai-kawo da kaya, da tara haja, da sake aikin da aka ɓata, amma wadda ya ɗauka uwar sauran ita ce yin abu tun ba a buƙace shi ba, ko fiye da yadda ake buƙata. Duk wanda ya san teloli ya san wannan cutar. Ana kawo yadi, a karɓi kafin alƙalami, a yanka shi a ranar, a cusa a leda a jefa kan tsibi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: in an yanka, mai kaya ba zai iya ɗauka ya kai wa wani ba. An ɗaure shi ke nan. Sai ka tarar da kaya hamsin an fara, ba ko ɗaya da aka gama, hannun rigar wannan ya shiga ledar wancan, aljihu ya ɓata, kowa ya zo a ce masa "dawo jibi", jibin da ba ta zuwa. Muka kafa ƙusoshi goma a bango. Kowane yankakken kaya da ƙusarsa, kuma ba a sa almakashi a sabon yadi sai wata ƙusa ta sauka. Yaya ya yi ta ƙorafi, yana ganin kamar an ɗaure masa hannu, ga yadi a ajiye ga yaro a zaune. Amma yaron da ba shi da abin yanka sai ya koma taimaka wa mai haɗi ko mai guga, domin kowa ya ƙosa ƙusa ta sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki, faɗin ranar karɓa ya daina zama caca. Yaya yakan ɗaga kai ya ƙirga bango da layin da ke jira, ya ce Talata, kuma Talatar ce. Ya rasa wasu masu kaya, ban ɓoye ba, waɗanda da ya ce musu ba zai samu kafin Sallah ba suka ɗauki yadinsu suka yi gaba. A da da ya karɓa, ya yanka, su yi faɗa ranar jajibiri.

Ohno yana kuma koyar da cewa in matsala ta faru a tambayi "me ya sa" har sau biyar, kada a tsaya a amsar farko, domin amsar farko kusan kullum sunan wani ce. Mun gwada a kan kayan wani malami da suka kwana biyu a rataye an gama komai. Me ya sa ba su fita ba? Ba a sa maɓalli ba. Me ya sa? Babu kalar a shago. Me ya sa babu? Ba a saye sai an gama ɗinki. To da aka gama me ya hana a sayo? Maigida ya tafi gaisuwar rasuwa, kuɗin maɓalli kuwa daga aljihunsa kaɗai suke fita. Me ya sa sai daga aljihunsa? Aka yi shiru, sannan Yaya ya yi dariya ya ce tun zamanin Kawu ne, wani yaro ya taɓa cinye canji, aka hana barin kuɗi a shago. Yaron nan yanzu ya yi aure ya hayayyafa, amma canjin da ya ci har yau yana makarar da kayan mutane. Ga kuma kuɗin Keke Napep zuwa kasuwar Sabon Gari a dawo saboda maɓalli shida, wanda tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya fi ƙarfin maɓallan kansu. Yanzu ranar da aka karɓi yadi ake rubuta kalar zare da maɓalli, a sayo na sati gaba ɗaya.

Ba duka ne ya yi ba. Na kawo shawarar a ajiye littafi a riƙa rubuta duk kuskuren da aka yi da abin da ya jawo shi. Bai kai wata ba ya mutu. Yaran suka sa masa suna littafin laifi, suna zaton ranar sallama za a buɗe a zaftare musu. Ban ga laifinsu ba. A Fremont ma sai da aka rubuta a yarjejeniya cewa ba za a sallami ma'aikata ba sai in kamfanin kansa na fuskantar rushewa, kafin mutane su saki jiki su nuna inda ake ɓata lokaci. Wa zai nuna maka yadda mutum uku za su yi aikin mutum huɗu in ya san shi ne na huɗun? Duk shugaban da ya ɗauko wannan tsari don ya rage ma'aikata, ko ya tatse waɗanda suka rage, zai samu biyan buƙata sau ɗaya, daga nan ba wanda zai sake buɗe masa baki.

A ofisoshinmu kuwa ɓarnar da ta fi kowace yawa ita ce wadda ba a rubuta ta a kowane littafin kuɗi: lokacin mutane. Na taɓa bin wata takarda a wani ofis, zuwa uku cikin kwana tara. In aka haɗa mintocin da wani ya taɓa takardar nan da hannunsa, ya karanta, ya buga hatimi, ya sa hannu, ba su kai rubu'in awa ba. Sauran duk kwanciya ta yi. A zuwa na uku wani dattijon masinja ya ja ni gefe ya ce, "Malam, takardarka ba ɓata ta yi ba. Oga ba ya sa hannu sai sun taru sun yi tsibi." Tsibin telan nan dai, ya sa kwat. Dattijon ya san teburin da fayil ke kwana, ya san wanda ba a buƙatar sa hannunsa sam, ya san fom ɗin da ake cikewa sau biyu. Shekara nawa yana ɗauke da wannan ilimi a ka, ban ji alamar an taɓa tambayarsa ba. In za a gyara ofishin, daga Abuja ko Legas za a ɗauko masani a biya shi miliyoyi, shi kuma ya zo ya tambayi masinjan a ɓoye.

An ce Ohno yakan zana da'ira da alli a ƙasan masana'anta, ya tsayar da injiniya ko manaja a ciki na sa'o'i, ba abin da zai yi sai kallo, har sai ya ga abin da ke faruwa da idonsa. Da ina da iko, da kowane shugaban ofis, da na asibiti, da na banki a garin nan sai ya zauna a bencin masu jira yini guda a kowane wata, ba babbar riga, ba mai riƙe masa jaka. Gani ya kori ji. Tun 2004 gwamnatin tarayya ta kafa SERVICOM don inganta yadda ake yi wa jama'a hidima, kuma za ka ga allunanta da akwatunan ƙorafi a ma'aikatu. Niyyar mai kyau ce. Sai dai akwati yana jiran wanda aka ɓata wa rai ne ya rubuto bayan an gama ɓarnar, alhali ma'aikacin da ke zaune a wurin ya ga abin tun yana tahowa. Habasha ta ɗauki abin da muhimmanci har ta kafa cibiyar kaizen ta ƙasa a 2011 da taimakon Japan. Ban ce mu ma sai mun kafa wata hukuma ba, muna da su har sun yi mana yawa.

Akwai kuma ɓangaren da nake ganin kwaikwayonsa ido rufe wauta ce. Toyota ta yi suna da rashin tara kaya: kowane ƙarfe ya iso daidai lokacin da za a ɗaura shi. Wannan yana yiwuwa ne inda masu kawo maka kaya suke kusa, hanya lafiya lau, wuta ba ta ƙiftawa, farashin yau shi ne na gobe. Ka je ka gaya wa magidanci a Samaru ko Wusasa cewa buhun masarar da ya saya da kaka, lokacin da manoman Giwa da Soba suka shigo da ita da araha, wai ɓarna ce, ya bari sai damina ta yi tsakiya ya riƙa awo kwano-kwano. Ko ka ce wa uwargida ta daina cika randa da jarkoki ranar da famfo ya kawo ruwa. Rumbu ba almubazzaranci ba ne, kakanninmu sun san abin da suke gudu. Ita kanta Toyota, bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a watan Maris na 2011 ta tsinka mata hanyoyin samun kaya, sai ta sa masu kawo mata wasu ƙananan na'urorin lantarki su riƙa ajiye na watanni, abin da ya taimake ta a farkon ƙarancin da ya biyo bayan annobar korona. Ashe su ma sun gina rumbu da suka ga fari. Tambayar da ta dace ita ce: wannan tarin, wace matsala yake kare ni daga gare ta? Masarar kaka tana kare ka daga tsadar damina. Tsibin yadin tela da tsibin fayil ɗin oga ba abin da suke karewa sai ɓoye inda aiki ya maƙale.

Na zo gida da zafina, na ce nan ma sai an gyara, domin kullum yara sai sun makara makaranta, kullum sai na yi faɗa. Na tara su da mahaifiyarsu bayan sallar Isha, na yi musu bayanin igiya da "a duba", na ce kowa ya faɗi abin da ya gani, ba wanda za a yi wa faɗa. Aka fara da safa da ke ɓata, aka ce a riƙa haɗa kayan makaranta tun dare. Aka zo kan ruwan wanka, aka ce a ɗora tun kafin Asuba. Ina ta jin daɗi, ina gyaɗa kai kamar wani Ohno. Sai 'yata ta tsakiya, mai shekara 11, ta dubi uwarta, ta dubi ƙasa, ta ce, "Baba, a duba rediyo."

Na ce wace rediyo?

"Mu muna gamawa da wuri. Kai ne sai an ƙare labarai kake tashi, sannan a fara neman makullin mashin."

Wani abu ya taso mini tun daga ciki har maƙogwaro. "Ke har kin isa" ta zo bakina, na ji ɗanɗanonta. Uwarsu ta kawar da kai tana danne dariya, sauran yaran sun zuba mini ido, irin kallon da na san na taɓa yi wa wani a kan farar shadda. Na haɗiye, da ƙyar, na ce madalla.

Washegari na kafa ƙusa a bayan ƙofa, makulli ya samu wurin kwana. Rediyon kuwa har yanzu muna kai ruwa rana. Na koma saurare a waya, in sa ta a aljihun gaba muna tafe a kan mashin, amma daga mun hau babban titi iska take cinye rabin labarin, in sauke su a bakin makaranta ban san yadda aka ƙare ba.